Shin takardar tambayoyi tana iya auna shaƙuwar 'yan'uwa? Muhawara a kan matasan Meziko

Rukayya A.

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana na wannan zaure. A darasin hanyoyin bincike an ba mu aikin nazarin yadda ake ƙera ma'auni a ilimin halayyar ɗan Adam, ni kuma batun da ya faɗo mini shi ne auna shaƙuwar zuci tsakanin 'yan'uwa na jini a cikin matasan ƙasar Meziko, waɗanda suka wuce shekara 18 amma ba su kai 30 ba. Na lura cewa manyan ma'aunan da ake amfani da su an ƙera su ne a Amurka, da Turanci, kuma galibi a kan ɗaliban jami'o'in can aka fara gwada su. Idan mai bincike ya ɗauki ɗaya daga cikinsu ya fassara zuwa Sifaniyanci, ya raba wa ɗalibai a Birnin Meziko, lissafi kuma ya fita yadda ake so, shin za mu ce ya auna shaƙuwa ke nan, ko kuwa ya auna wani abu ne mai kama da ita? Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka fi ni sani.

Dakta Sanusi

Wa alaikumus salam, Malama Rukayya. Kafin a zo ga Meziko, ya kamata a daidaita a kan abin da ake nufi da shaƙuwa a wannan fanni, domin ma'anarta a nan ta fi ta maganar yau da kullum ƙunci. John Bowlby, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, shi ne ya kafa ra'in shaƙuwa, juzu'in farko na babban aikinsa ya fito a 1969. Mary Ainsworth, wadda ta fara lura da iyaye mata da jariransu a Yuganda a tsakiyar shekarun 1950 kafin ta ci gaba a Baltimore, ita ce ta mayar da ra'in abin da ake iya gwadawa. A wurinsu mutum yana zama abin shaƙuwarka idan alamomi huɗu suka taru a kansa: kana neman kusanci da shi, kana gudu zuwa gare shi idan tsoro ko baƙin ciki ya same ka, saninka cewa yana nan yana ba ka ƙarfin zuciyar fita ka fuskanci duniya, sannan rabuwa da shi tana tayar maka da hankali.

A 1987 Cindy Hazan da Phillip Shaver suka faɗaɗa wannan zuwa soyayyar manya, a 1998 kuma Brennan da Clark da Shaver suka fitar da ma'aunin da aka fi sani da ECR, mai tambayoyi 36, wanda yake auna fuska biyu: fargabar kada a watsar da kai, da kuma janye jiki daga dogaro da wani. Ta ɓangaren 'yan'uwa akwai wata hanya daban. Furman da Buhrmester sun fitar da ma'aunin dangantakar 'yan'uwa na yara a 1985, sannan Stocker da Lanthier da Furman suka fitar da na manya a 1997, mai tambayoyi 81, wanda yake auna ƙauna da saɓani da kishi a kan kulawar iyaye. Abin da nake so ki riƙe shi ne, wannan na biyun yana auna kyawun dangantaka ne, ba shaƙuwa irin ta Bowlby ba. Mutum yana iya zaman lafiya da ƙaninsa, su yi raha, su yi wa juna alheri, amma ranar da abu ya ɓaci ba shi zai fara nema ba. Masu bincike da yawa suna haɗa biyun su kira su da suna ɗaya, kuma daga nan ruɗanin yake farawa.

Malam Habibu

Dakta, Allah ya ƙara ilimi. Ni ba masanin wannan fanni ba ne, malamin sakandare ne kawai, amma zuciyata ba ta kwanta da batun gaba ɗaya ba. Ta yaya za a ba matashi takarda a ce ya zaɓi lamba daga 1 zuwa 5 a kan yadda yake ji game da yayarsa, sannan a tara lambobin a ce wannan ita ce shaƙuwarsa? Hausawa sun ce ɗan'uwa rabin jiki, kuma ina jin mutumin Meziko ma yana da irin wannan magana a harshensa. Abin da yake tsakanin waɗanda suka sha nono ɗaya ba ya shiga jadawali.

Malama Zainab

Malam Habibu, babu mai bincike na kirki da zai ce lambar ita ce ƙaunar kanta. Lambar alama ce, amfaninta kuma yana bayyana ne idan aka tara amsoshin ɗaruruwan mutane aka ga ko tana hasashen wani abu, misali ko masu yawan fargaba a dangantakarsu da 'yan'uwa sun fi fama da kaɗaici da damuwa. Wannan salon zaɓen lamba Rensis Likert ne ya gabatar da shi tun 1932, kuma an san iyakarsa. Inda nake tare da kai shi ne, ana yawan cika baki da sakamakon fiye da abin da ya cancanta.

Injiniya Nasiru

Bari in kawo abin da na gani da idona, domin na yi karatu a birnin Gwadalahara na Meziko, kuma na zauna gida ɗaya da wani saurayi ɗan wani ƙauye na jihar Michoacán. Babban wansa yana aikin gini a Shikago ta Amurka, shi ne yake biyan kuɗin hayarsa da na littattafai, kuma sun daɗe ba su ga juna ba saboda wan ba shi da takardun da za su ba shi damar fita ya dawo. Kowace Lahadi da yamma sai wayar ta shigo. Ina jin hirarsu daga ɗakin girki: an karɓi kuɗin, ciwon ƙafar mahaifiya ya yi sauƙi, ƙungiyar ƙwallonsu ta Chivas ta sake shan kashi, sai sallama. Abokin nan nawa yana miƙewa tsaye idan yana magana da wansa, ko da yake wan ba ya ganinsa. Idan ka tambaye shi wane ne mafi muhimmanci a rayuwarsa bayan mahaifiya, ba zai yi jinkiri ba wajen ambaton wannan wa.

Amma lokacin da ya faɗi wani babban kwas har tallafin karatunsa ya shiga haɗari, bai gaya wa wan ba. 'Yar'uwarsa da take binsa, wadda take sayar da abinci a bakin kasuwar garinsu kuma ba ta da ko sisin da za ta ba shi, ita ya kira cikin dare, ya shiga banɗaki ya rufe ƙofa don kada in ji muryarsa tana rawa. To, Dakta, idan aka miƙa wa wannan saurayi takarda aka ce ya amsa a kan ɗan'uwan da ya fi kusa da shi, ina da tabbacin wan zai rubuta, kuma zai ba shi 5 a kowane layi. Bisa ga alamomi huɗun da ka lissafa kuwa, ƙanwar ce mafakarsa.

Dakta Sanusi

Injiniya, ka taɓo ainihin matsalar, kuma masana 'yan Meziko sun riga mu ganinta. Rogelio Díaz-Guerrero na Babbar Jami'ar Ƙasa ta Meziko, wadda ake taƙaita sunanta da UNAM, ya shafe shekaru da dama yana nazarin ƙa'idojin da iyalin Meziko suka ginu a kansu, waɗanda ba a rubuce suke ba amma kowa ya tashi da su, kamar fifikon uba, sadaukarwar uwa, da biyayyar da ake yi saboda ƙauna da girmamawa. Daga baya aka yi ta rubutu a kan abin da suke kira familismo, wato ɗaukar iyali a matsayin wajibin da ya sha gaban buƙatar mutum ɗaya; Sabogal da Marín da abokan aikinsu sun auna shi a 1987 a tsakanin masu asalin Latin Amurka da ke zaune a Amurka. A 2005 Kimberly Updegraff da Susan McHale da abokan aikinsu sun wallafa bincike a kan iyalai 246 masu asalin Meziko a jihar Arizona, suka ga cewa riƙo da wannan aƙida yana tafiya tare da kusancin da 'yan'uwa suke bayyanawa a tsakaninsu.

Ga inda haɗarin yake ga mai ƙera ma'auni. Tambaya irin "zan iya dogara da ɗan'uwana idan na shiga matsala" an rubuta ta ne don ta gano kwanciyar zuciya. Matashin da ya tashi cikin familismo yana iya amsa ta da "na yarda ƙwarai" saboda ya san wajibi ne ɗan'uwa ya taimaka, kuma abin kunya ne a ce akasin haka a gaban baƙo, ko da kuwa bai taɓa buɗe wa ɗan'uwan cikinsa ba. Sai mai bincike ya ga maki mai yawa ya rubuta cewa matasan Meziko suna da shaƙuwa mai ƙarfi, alhali abin da ya auna shi ne sanin hakki da ladabi. Ra'ayina shi ne, ma'aunin da bai raba tambayoyin wajibi daga tambayoyin mafaka ba, bai isa a kira shi ma'aunin shaƙuwa a Meziko ba.

Malam Habibu

A nan ne zan saɓa maka, Dakta, tare da girmamawa. Wa ya ce wajibi da ƙauna abubuwa biyu ne? Wancan bawan Allah da yake ɗaukar bulo cikin sanyin Shikago don ƙaninsa ya yi karatu, da wane harshe kuma ake so ya furta ƙauna? Shi kuma ƙanin da ya ɓoye masa faɗuwarsa, mai yiwuwa ba don nisa ya ɓoye ba, sai don yana tausayinsa, ba ya so ya ƙara masa nauyi a kan wanda yake ɗauke da shi. Ina ganin raba su da kake so a yi shi kansa tunanin mutanen da suka ƙera ma'aunin ne, waɗanda suka ɗauka cewa shaƙuwa ta gaskiya sai an zauna an amayar da abin da ke cikin zuciya.

Dakta Sanusi

Wannan hujja ce mai nauyi, Malam Habibu, kuma akwai masana da suka yi wa ra'in Bowlby irin wannan suka, cewa ya ɗauki tarbiyyar masu matsakaicin hali na Yammacin duniya ya mayar da ita mizanin kowa. Na yarda cewa ɓoye damuwa yana iya zama tausayi. Sai dai ban ce a raba su don a ce ɗaya ya fi ɗaya daraja ba. Na ce a raba su ne a takarda domin a gano ko a zahiri a haɗe suke. Idan aka yi tambayoyin wajibi daban, na mafaka daban, sai amsoshin matasan Meziko suka nuna cewa duk mai yawan wannan yana da yawan wancan, to ka yi gaskiya, kuma hujja ta tabbatar maka. Idan aka cakuɗa su tun farko, babu wanda zai taɓa sanin wanda ya yi daidai tsakanina da kai. Ka kuma lura cewa ƙarfin zuciyar da saurayin yake samu daga sanin cewa wansa yana tsaye a bayansa, shi ma ɗaya ne daga cikin alamomi huɗun. Ke nan yana yiwuwa alamomin sun rarrabu ne tsakanin 'yan'uwa biyu, abin da takarda mai tambaya a kan mutum ɗaya ba za ta taɓa nunawa ba.

Rukayya A.

Na gode ƙwarai, malamaina. Malama Zainab, ina son jin ta bakinki a kan lissafin. A rubuce-rubucen da nake karantawa, da zarar an ce alfa ta Cronbach, wato lambar da ke nuna yadda amsoshin tambayoyin ma'auni suke dacewa da juna, ta haura 0.70 kuma tambayoyin sun taru rukuni-rukuni yadda aka zata, sai a ce ma'aunin ya inganta. Wannan bai wadatar ba?

Malama Zainab

Bai wadatar ba, ƙanwata. Alfa, wadda Lee Cronbach ya bayyana a 1951, tana nuna cewa tambayoyin suna tafiya tare ne kawai, ba ta faɗin inda suka dosa. Idan kika rubuta tambaya ɗaya ta hanyoyi goma sha biyu, alfa za ta yi sama sosai, ba tare da kin auna komai sabo ba. Haka ma fassara da sake mayar da fassarar zuwa harshen asali, wadda Richard Brislin ya yaɗa tun 1970, tana kama kuskuren kalma, amma ba ta kama bambancin yadda mutane suke fahimtar tambaya.

Akwai kuma matsalar salon amsawa. Hui da Triandis a 1989, da Marín da abokan aikinsa a 1992, sun nuna cewa masu amsa tambayoyi 'yan asalin Latin Amurka sun fi karkata ga zaɓen lambobin ƙarshe, 1 ko 5, binciken 1992 ɗin ya kuma nuna sun fi saurin cewa sun yarda. Saboda haka 5 ɗin ɗalibin Puebla ta Meziko ba lallai ta yi daidai da 5 ɗin ɗalibin Ohio ta Amurka ba, kamar yadda mudun wata kasuwa yake bambanta da na wata ko da sunan ɗaya ne. Kafin a kwatanta ƙasa da ƙasa, ko maza da mata, dole a yi gwajin da ke tabbatar da cewa ma'aunin yana aiki iri ɗaya a kowane rukuni. Na ambaci maza da mata da gangan, domin tambaya irin "ina tsoron kada ɗan'uwana ya daina damuwa da ni" saurayin da aka tarbiyyantar a kan cewa namiji ba ya nuna rauni zai iya ƙin amincewa da ita ko da tana cin zuciyarsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne masu binciken Meziko suna da hanyarsu ta fara aikin daga ƙasa. Isabel Reyes-Lagunes ta UNAM ta bayyana a 1993 yadda ake amfani da abin da za mu kira tarun ma'anoni wajen ƙera ma'auni: a ba mutane kalma ko jimla, misali "ɗan'uwana", a ce su rubuta aƙalla kalmomi biyar da suke bayyana ta a wurinsu, sannan su jera su bisa muhimmanci. Daga kalmomin da suka fi maimaituwa ake gina tambayoyi. Ta haka ma'aunin yake fitowa daga bakin mutanen da za a auna, daga baya a gwada shi da na ƙasashen waje a ga inda suka haɗu da inda suka rabu.

Abdulhadi

Tambaya ɗaya daga gare ni: su wane ne ma "matasan Meziko"? Ƙidayar 2020 ta INEGI, hukumar ƙididdiga ta ƙasar, ta nuna mutum miliyan 126, fiye da miliyan 7 daga cikinsu suna magana da harsunan asali irin su Nahuwatil da Maya, sannan waɗanda suke shiga jami'a ba su kai rabin matasan ƙasar ba. Idan a ajin jami'a ɗaya aka raba takardun, ai sunan binciken ya fi ƙarfin abin da ke cikinsa.

Dakta Sanusi

Haka ne, Malam Abdulhadi, kuma bambancin ba na yawan jama'a kaɗai ba ne, ya shafi ra'in kansa. Ashley Maynard ta wallafa bincike a 2002 a kan yaran Mayawan Zinacantán da ke jihar Chiapas, inda ta nuna yadda yayye suke koya wa ƙannensu ayyukan yau da kullum irin su wanki da girki a cikin wasa, har yaro ɗan shekara takwas ya zama ƙwararren mai koyarwa. A irin wannan gida, yayar da ta goya ka tana iya zama abin shaƙuwarka tun kana jariri, kusan a matsayin uwa. Wannan daban yake da gidan ma'aikata a Monterrey mai yara biyu da suka tashi kowa da ɗakinsa.

Sannan iyalin Meziko ya sauya cikin hanzari. A shekarun 1960 mace tana haifar yara wajen bakwai a matsakaici. A 1974 sabuwar dokar yawan jama'a ta fara aiki aka kafa CONAPO, majalisar ƙasa mai kula da yawan jama'a, gwamnati ta shiga yaɗa tsarin iyali, yau kuma adadin ya sauka ƙasa da biyu, matsakaicin gida a ƙidayar 2020 mutum 3.6 ne. Matashin yau sau da yawa yana da ɗan'uwa ɗaya ko biyu, alhali mahaifiyarsa ta tashi cikin shida. Ga mai ɗan'uwa ɗaya babu zaɓi, ga mai biyar kuwa umarnin da aka rubuta a saman takarda shi ne zai yanke sakamakon. Idan aka ce ya zaɓi wanda ya fi kusa da shi a zuciya, maki zai hau. Idan aka ce wanda ya fi kusa da shi a shekaru, an rage son rai amma ana iya kuskure mafakar gaskiya.

Hajiya Binta

Ina bin wannan tattaunawa tun farko, kuma akwai abin da ban ji an ambata ba. Mu da muka tashi a gidan mata fiye da ɗaya mun san cewa shaƙiƙi daban, ɗan uba daban, kuma wani lokaci ɗan uban ya fi shaƙiƙin kusa da kai. A Meziko hanyar daban ce, ta rabuwar aure da sake aure take zuwa, amma 'yan'uwan da suka haɗa uwa kaɗai ko uba kaɗai suna nan. Ga kuma yaran da iyayensu suka tsallaka Amurka suka bar su a hannun kaka, suka tashi ɗaki ɗaya da 'ya'yan kawu da na inna. Dakta, idan takardar ta ce "ɗan'uwa na jini", ba ta fitar da mutumin da yaron ya ɗauka ɗan'uwansa na haƙiƙa ba?

Dakta Sanusi

Ta fitar da shi, Hajiya, kuma gyaran ba shi da wuya: a bar mai amsawa ya lissafa duk waɗanda yake ɗauka 'yan'uwansa, ya faɗi yadda suka haɗu da shekarun da suka zauna gida ɗaya, sannan a yi masa gajerun tambayoyi a kan kowane ɗaya. Chris Fraley da abokan aikinsa sun fitar da gajeren ma'auni a 2011 mai tambayoyi tara kacal da ake maimaitawa a kan uwa da uba da masoyi da amini, kuma tsarinsa ya dace da wannan aiki. Batun tashi tare yana da tushe a bincike, domin Tancredy da Fraley sun nuna a 2006 cewa tagwaye sun fi sauran 'yan'uwa ɗaukar junansu a matsayin abin shaƙuwa.

Injiniya Nasiru

Ƙari kaɗan a kan hijira. A 2023 kuɗin da 'yan Meziko mazauna waje suka aika gida ya haura dala biliyan 63, kuma Michoacán da Guanajuato da Jalisco suna sahun gaba wajen karɓa. A waɗannan jihohi tambayar "sau nawa kuke ganin juna" ba ta auna zumunci, tana auna wanda yake da biza ne.

Rukayya A.

Malama Zainab, tambaya ta ƙarshe daga gare ni a yau. Duk abin da muka tattauna a kan amsar mutum ɗaya ne. Ba zai fi kyau a tambayi 'yan'uwan biyu ba?

Malama Zainab

Zai fi kyau nesa ba kusa ba, kuma akwai dabarun ƙididdiga da aka tanada don amsoshin mutum biyu masu alaƙa, domin ba a lissafa su kamar na baƙin juna. Da haka za ki ga inda ƙane yake jin an yi watsi da shi alhali yayarsa tana ganin komai lafiya, kuma wannan giɓin kansa sakamako ne. Wahalar tana wajen samun na biyun. Ɗalibi zai cika takarda a aji cikin minti ashirin, amma ɗan'uwansa da suka yi faɗa ba zai amsa saƙonki ba, wanda yake Amurka ba tare da takardu ba kuma yana da dalilin ƙin ba baƙo bayanansa ta intanet. Waɗanda za su rage a hannunki su ne masu jituwa da ke zaune kusa da juna, don haka dole ki rubuta a rahotonki adadin waɗanda aka gayyata da adadin waɗanda suka amsa, sannan ki kwatanta makin ɗaliban da 'yan'uwansu suka amsa da na waɗanda nasu suka yi shiru.